In za ka zauna IELTS, kunne da baki ba a laburare ake horar da su ba

Ƙannena masu shirin IELTS, wato jarrabawar gwada Turanci ta masu son fita waje aiki ko karatu, musamman 'yan nas ɗinmu na Shika da ke harin Ingila da masu neman sikolashif a Samaru da Kongo a nan Zariya, ku zo mu yi magana. Hukumar nas-nas ta Birtaniya maki 7 cikin 9 take so a sauraro da magana da karatu, 6.5 a rubutu, kuma wallahi inda yawancinmu ke zubewa shi ne inda muka raina, wato sauraro da magana. Ni ma can na zube. Na ɗauka tunda da Turanci na yi digiri ai an gama, na tare a laburaren Kashim Ibrahim ina ta haddar manyan kalmomi shiru kamar mai tilawa a zuci, ban taɓa buɗe baki na yi minti biyu ina magana ni kaɗai ba.

Sauraron nan kashi huɗu ne, tambaya 40, kusan minti 30, kuma sau ɗaya tak ake kunna maka, babu "don Allah a maimaita". Muryoyin kuma ba irin na malamanmu ba ne da kunnenka ya saba, za ka ji Baturen Ingila, ka ji na Ostareliya yana haɗiye rabin kalma, ka ji na Amurka. Kashin farko ma da ake cewa mai sauƙi ne, yawanci cike fom ne, suna da lambar waya da kwanan wata, amma a nan na fara asara, mutum na jero harufan sunansa ni kuma A da E da I sun cakuɗe min, G da J ma haka, ga sha biyar da hamsin, wato "fifteen" da "fifty", da a bakinsu kusan sautinsu ɗaya in ba ka lura da inda suka danna ba. Sannan suna da wata mugunta, mai magana zai ce ranar Talata, ka yi sauri ka rubuta kana murna, can sai ya ce a'a Talata ba za ta yiwu ba a bar shi Alhamis. To kai ka riga ka wuce. Ka riƙa jira ya rufe zancen tukuna. In kuma tambaya ta kuɓuce maka, ka bar ta ta tafi, don ni garin jimamin guda ɗaya na bi ta kan wasu ban sani ba.

Maki 7 yana buƙatar ka ci wajen 30 cikin 40, kuma harafi ɗaya ka kuskure a rubutun amsa, ko ka manta "s" ta jam'i, an soke. Saboda haka kullum sai kunne ya sha aiki. Sa iyafis a cikin bas daga Samaru zuwa Sabon Gari ka saurari BBC ta Turanci, ba sashen Hausa ba dai yau, in ka samu wuta da data ka sauke shirye-shirye ka ajiye. Da daddare ka kunna minti ɗaya, ka rubuta duk abin da ka ji, ka sake kunnawa ka ga me ka tsallake. Abin da ban haushi amma yana aiki.

Magana kuma minti 11 zuwa 14 ce, kai da mai jarrabawa, ana ɗaukar muryarka. Matsalarmu a nan tarbiyya ce ma, an taso da mu in babba ya yi tambaya ka sunkuyar da kai ka amsa a taƙaice. Aka tambaye ni garinmu na ce Zariya na yi shiru, alhali ga ganuwa, ga fadar Zazzau, ga hawan sallah, ga jami'a, abin faɗa har ya yi yawa. Mutumin nan ba surukinka ba ne, so yake ka yi ta zuba ya samu abin da zai auna. A kashi na biyu za a ba ka kati da batu, minti ɗaya ka shirya, sannan ka yi magana har minti biyu, kuma minti biyu da tsawo fa in ba ka saba ba. Kar ka haddace amsa, suna ganewa, da an karkata tambayar kaɗan sai ka ji kanka ya ɗauke.

Ba sai ka maƙale murya kamar ɗan Landan ba, a fahimce ka kawai ake so. Amma ka yi rikodin kanka a waya ka saurara, za ka ji yadda "p" da "f" ke musanya wuri a bakinmu, "v" ta koma "b", gyara waɗannan ya fi maka haddar kalma ɗari. Ka samu aboki ɗaya mara kunya, ku zauna bayan la'asar yana riƙe da agogo yana jefo maka tambaya, in ka tsaya kafin lokaci ya ce ci gaba. In ba ka gane tambaya ba a sashen magana ranar jarrabawa, ka ce a maimaita maka, ya fi ka amsa abin da ba a tambaye ka ba. Kuma fasfo ɗin da ka yi rajista da shi, shi za ka riƙe ranar, ka duba tun yanzu ko bai ƙare ba.