Kwana uku a tsohon garin Akara

Dattawanmu na Kano ba sa cewa Akara, Ankara suke cewa, kuma duk wanda ya taso a gidan fatake ya sha jin sunan tare da Gwanja da Salaga da Kumasi. Ni dai ban taka garin ba sai da harkar atamfa ta kai ni. Na bi mota ta Legas, muka tsallaka Seme, muka ratsa Kwatano da Lome, muka shiga Gana ta Aflawo. Iyaka uku a yini ɗaya, kowace da layinta da tambayoyinta. Lokacin da muka isa dare ya yi, ƙafafuna sun kumbura.

A Sabon Zango na sauka, gidan wani ƙanin kakana da muke kira Kawu, wanda ya fi shekara hamsin a can. Da asuba mai koko da ƙosai ta kafa tukunyarta a ƙofar gida, ladan ya kira salla, yara suna rige-rige da Hausa. Sai dai Hausar tasu ba ta damu da mace ko namiji ba. Da na ji wani yana cewa "matana ya tafi kasuwa" na kusa ƙwarewa da kokon.

"Kar ka yi dariya, ɗana," in ji Kawu. "Su ma in sun ji taka cewa suke yi ka cika iyayi."

Shi ya ba ni labarin unguwar. Malam Baƙo ne ya kafa ta a farkon ƙarnin da ya wuce, bayan tsohon zangon da ke tsakiyar gari ya cika da jama'a da rigingimun shugabanci. Mahaifinsa malami ne da ya zo daga Katsina. Filin kuwa sarakunan ƙabilar Ga ne suka ba shi, don su ne masu ƙasa. Kawu ya ce in ina son in gane Akara, in bar manyan tituna in gangara bakin teku, inda garin ya soma.

Washegari jikansa ya raka ni. Muka hau ƙaramar bas da suke kira turoturo zuwa Jamestown. Abin da ya fara tarbata wari ne, na kifi da hayaƙi da gishiri, sannan doguwar hasumiya mai ja da fari wadda fitilarta ke nuna wa jiragen ruwa hanya. An gina ta farko a 1871, wannan da ke tsaye kuwa ta shekarun 1930 ce. Muka hau matakalarta mai murɗiya har sai da numfashina ya sarƙe. Daga sama ana ganin kwalekwalen masunta a jere, kowanne da fentinsa da tutarsa da ayar da mai shi ya rubuta a jiki. Ranar Talata ce, ba wanda ya shiga ruwa. Al'adar Ga ta hana su ran Talata, don haka mazan suna zaune a inuwa suna ɗinkin koma.

Dab da hasumiyar akwai James Fort, wanda Ingilishi suka gina a 1673. Tafiyar minti kaɗan gaba kuma sai Ussher Fort, na mutanen Holan, tun 1649. Can gabas a Osu ga na mutanen Danmak. Ƙasashe uku na Turai, kowace da gidanta mai kaurin bango da igwa, a bakin gaɓa ɗaya da mutum zai iya takawa da ƙafa kafin azahar. Ba ƙauna ce ta haɗa su ba, ciniki ne: zinariya da farko, daga baya bayi. Unguwannin Ga da suka kewaye kowane gida suka ɗauki sunansa, shi ya sa har yau ake cewa Jamestown da Usshertown. Su kuwa masu garin Ga Mashi suke kiransa.

Cikin Ussher Fort na fi daɗewa. Ingilishi sun karɓe shi daga hannun Holan a 1868, suka sa masa sunan wani jami'insu, daga baya ya zama gidan yari har zuwa 1993. Fentin ya ɓaɓɓake, iskar teku ta cinye ƙarafan tagogi, ciyawa ta fito a tsakar gida. Hukumar UNESCO ta sa waɗannan gidaje cikin kayan tarihin duniya tun 1979, amma wanda ya ga halin da suke ciki ba zai ce haka ba. Na shiga wani ɗaki mai ƙaramar taga can sama, na tsaya ko minti biyu ban yi ba na fito, gumi ya jiƙa min riga. A James Fort ma an tsare Kwame Nkrumah a 1950. Yana ciki jam'iyyarsa ta ci zaɓen 1951, Turawa suka buɗe masa ƙofa ya fito ya karɓi ragamar gwamnati.

Ina tsammanin labarin wasu na zo kallo. Sai yaron ya nuna min wata kasuwa a cikin lungu ya ce sunanta kasuwar Salaga. Gabana ya faɗi. Salaga ita ce kasuwar da kakanninmu ke zuwa sayen goro, kuma kowa ya san ba goro kaɗai ake sayarwa a can ba. A gida in ana ba mu labarin fataucin Gwanja, jakuna da madugu da kanwa ake ambata, a tsallake sauran.

Daga nan muka shiga Brazil Lane. Akwai wani tsohon bene da ke kallon teku, gidan mutanen da ake kira Tabom. Bayi ne da suka sami 'yanci a Barazil suka komo Afirka, ayari mafi girma ya sauka nan a 1836, shekara guda bayan boren da bayi Musulmi suka yi a Bahiya. Da yawansu Musulmi ne, kuma a cikin bayin Bahiya akwai Hausawa. Sunan ya samo asali daga gaisuwarsu ta Fotugis, wadda mutanen gari suka riƙa ji suna maimaitawa. Sun zo da ɗinki da gini da haƙar rijiya. Yanzu sun zama Ga sarai, sai sunayen gidajensu kawai ke tona asali. Zakaran damben duniya Azumah Nelson jininsu ne.

Da na dawo gida da yamma na zayyana wa Kawu abin da na gani, ya ce saura ɗaya. A 1863 wani Bature mai suna Glover ya tara Hausawa a Legas, yawancinsu bayin da suka gudu daga iyayen gijinsu, ya yi rundunar 'yan sanda da su. Da su aka yaƙi Asante a 1874, shekarar da aka ƙone Kumasi. Wasu ba su koma ba, suka yi aure, suka zauna a Akara, musamman da aka maido da hedikwatar mulki daga Cape Coast zuwa nan a 1877.

"To Kawu, mu a wane ɓangare muke ke nan?"

"Wanne ne babu mu?" Ya miƙo min goro. "An sayar da mu, mun sayar, mun riƙe wa Bature bindiga, mun kuma koya wa 'ya'yan mutane karatu. In ka koma ka faɗa musu duka."

Kwana na uku na koma ni kaɗai, na bi ta Bukom, unguwar 'yan dambe. A wani fili da aka kewaye da kwano, yara da ba su wuce shekara goma ba suna naushin buhun yashi, wani dattijo yana musu tsawa da yaren Ga. Na tuna damben mahauta na gida, sai dai nan ba kiɗa ba kirari, kuma hannu biyu ake ɗaurewa. Tun da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Tema a 1962 ciniki ya bar Jamestown, manyan shagunan Turawa suka zama kango, aka bar wa unguwar teku da dambe.

A bakin titi na sayi shinkafa da wake a ganye. Waakye suke rubutawa, amma da mai abincin ta furta sai na ji waken gidanmu ne. Ta zuba shito, baƙin yajinsu mai kifi, ta ƙara taliya da dafaffen ƙwai da garin rogo. Na ce mata da Hausa ta rage yajin. Ta dube ni ta ce, "Kai baƙo ne ko? Daga ina?" Na ce Kano. Ta ce kakanta ma daga can ya zo, amma ita ko Tamale da ke arewacin Gana ba ta taɓa zuwa ba. Ta ƙara min cokali guda na shiton.