Ban Juya Kwalbar Ba

Har yau in na ɗauki kwalbar bitamin a shagona na Aboabo, a Kumasi, sai na fara juya ta na leƙa bayanta. Yaran shago dariya suke yi mini. Katan 60 ne suka koya mini wannan ɗabi'a.

A 2022 ne, shekarar da sidi, kuɗin Ghana, ya yi ta zubewa ba birki. Masu kemis a Kumasi suna ta neman bitamin C da maganin ƙarin jini, ni kuma na ji labarin araha a Idumota, Legas. Lissafina ya fita fes: kayan Najeriya ne, kuma a tsarin ETLS na sassauta ciniki tsakanin ƙasashen ECOWAS, abin da aka ƙera a ƙasa ɗaya yana shiga sauran ba harajin kwastan. Ga lambar NAFDAC, hukumar abinci da magunguna ta Najeriya, ɓaro-ɓaro a jikin kowace kwalba. Me ya rage?

Saye da lodi da hanya duk lafiya lau. Sai a Aflao, kan iyakar Ghana da Togo. Ejan da ke fito mini da kaya, wani dattijo ɗan unguwar Nima ta Accra, ya farke katan ɗaya, ya zaro kwalba, ya juya ta, ya ɗora farcensa ƙarƙashin wani rubutu mitsi-mitsi.

"Ɗana, karanta nan."

Indiya.

"Baba, ai a Legas na saya."

"Inda ka saya daban, inda aka yi daban. Ina takardar asalin kaya?"

Ba ni da ita, kuma babu mai ba ni. Ashe lambar NAFDAC rajista kawai take nunawa, ba ruwanta da inda masana'anta take. Ko kayan da aka yi a Najeriya ma, sai an amince da kamfanin da kayan a tsarin tukuna. Sau nawa na riƙe kwalbar nan a Idumota ina tayi, ban juya ta ba!

Na ce to ai magani ne, kuma magani yana matakin sifili a jadawalin harajin bai-ɗaya na ECOWAS, mai hawa biyar: kashi 0, 5, 10, 20 da 35. Nan ma dattijon ya girgiza kai. Yawancin kayana a littafin kwastan ƙarin abinci ne, lamba 2106, ba 3004 ta magunguna ba. Ga haraji, ga VAT, ga NHIL na inshorar lafiya da GETFund na asusun ilimi a kai. Da ya gama bugawa a kalkuleta ya nuna mini, sai da na nemi benci.

Rami na ƙarshe kuwa da idona biyu na faɗa. Na san ba a shigo da irin wannan kaya sai da rajistar FDA, hukumar abinci da magunguna ta Ghana, amma na yi kunnen ƙashi, wai in an je za a san yadda za a yi. Ba a sani ba.

Kwana 19 na yi a Aflao, kuɗin ajiya na ta hawa. Daga ƙarshe aka mayar da kayan Legas, wanda ya sayar mini ya karɓe su da kusan rabin kuɗi, har yana yi mini jaje. Kawu da ya ranta mini jarin bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ka dawo lafiya?" Da ma zagina ya yi.

Yanzu a kasuwar Okaishie ta Accra nake sara, wajen masu rajista, riba kaɗan amma ina barci. Wani yaro ya zo jiya da kwalba daga Legas yana murna, wai ga lambar NAFDAC. Na miƙa masa tabarau na ce ya juya ta.