Lahadi, da giɓin naira 700

Sujadar yau ta yi daɗi ƙwarai. Zumuntar Mata suka fito da sabon ankonsu, tulu da kacau-kacau suna tashi, har Mama da ke fama da gwiwa sai da ta miƙe ta taka. Yaran makarantar Lahadi suka karanto Zabura 121 da ka, aya takwas, ba tuntuɓe. Fasto bai ja wa'azi ba, domin tun wajen sha ɗaya hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas. Ana yin addu'ar sallama kowa ya kama gabansa, mu uku muka shige ƙaramin ofis da kwandon baiko da akwatin zakka kamar kullum, ni ma'aji da Baba Sakatare da Kawu.

Baikon kwando bai ɗauke mu minti goma ba. Shi abin da aka gani ake rubutawa, ba wata shaida da za a gwada shi da ita. Zakka ce mai ambulan, kowane ambulan da suna da adadi a bayansa, shi ya sa dattawa suka yi mata ƙa'ida, tana nan manne a bayan ƙofa. Da fari a ƙirga ambulan ɗin a rufe, a rubuta yawansu. Sannan mutum ɗaya ya ɗauki guda, ya karanta sunan da adadin da ƙarfi. Na biyu ya farke, ya ƙirga abin da ke ciki a kan tebur kowa yana gani. In ya yi daidai, na uku ya shigar a littafi, a sa wa ambulan alama da jan biro. In bai yi daidai ba, a rubuta abin da aka tarar a jikin ambulan ɗin nan take, mutum biyu su sa hannu, a ajiye shi gefe da kuɗinsa a ciki. Ba a haɗa kuɗin wani da na wani sai an gama da na ƙarshe. Ambulan talatin yakan ci mana minti arba'in.

Yau 31 ne. Iska ta fara buga kwanon rufi, Kawu yana ta leƙa taga, domin in rafi ya kawo mashin ɗinsa ba zai haye ba sai gobe. Baba ya ce, "Mu farke duka mu zube, mu ƙirga gaba ɗaya, sai mu haɗa na bayan ambulan da kalkuleta. Ai duk ɗaya ne." Na ce to. Da bakina na ce to, takardar ƙa'idar tana bayan ƙeyata.

Muka ware takardun kuɗin. 'Yan dubu 38, 'yan ɗari biyar 39, 'yan ɗari biyu 22, 'yan ɗari 13, 'yan hamsin 6. Jimla 63,500. Muka haɗa abin da ke rubuce a bayan ambulan, ya ba da 64,200. Sauri ya haifi nawa.

Giɓi yana da harshensa, in mutum ya saba zai ji abin da yake faɗa. Idan 9 ta raba shi ba saura, yawanci juya lamba aka yi, kamar a danna 2,100 a maimakon 1,200, bambancin 900 ke nan. Idan 300 ne, 'yar ɗari biyu ce ta ɓuya cikin 'yan ɗari biyar. Idan 500 ne ko 800, a binciki tarin 'yan dubu. Wannan ya ƙaru tun da aka fito da sababbin takardun 200 da 500 da 1,000 a watan Disamba na 2022, tsofaffin kuma ba su daina yawo ba, ya zama kowace tana da launi biyu, ido kuwa ya saba da ware kuɗi ta launi kafin ya karanta lamba. Da damina kuma akwai wata matsalar: takarda ta sha danshi a lalita ko a bakin zane, biyu su manne su zama ɗaya, musamman tsofaffin 'yan ɗari da suka yi laushi. Na leda, wato daga hamsin zuwa ƙasa, santsi gare su, sukan zame ƙarƙashin littafi ko su maƙale a kusurwar ambulan.

Duk muka bi. 700 ba ta rabuwa da 9. Muka murza kowace takarda da yatsa, muka ɗaga littafi, muka leƙa ƙarƙashin tebur, muka buɗe kowane ambulan har ƙasansa. Na duba ko akwai mai 700 a baya da muka danna sau biyu, babu ko ɗaya. Na duba rubutun da 2 ke kama da 9, ko 1 da 8, shi ma babu. Kawu ya sake haɗawa daga ƙasa zuwa sama da wayarsa, 64,200 ɗin dai. Abin da ya rage, wani ambulan ya zo da abin da bai kai na bayansa ba, ko dubu aka rubuta aka sa ɗari uku, ko 'yar ɗari biyar da 'yar ɗari biyu suka fita a hanya. Wanne ne cikin 31? Hanyar sani ɗaya ce, mu kuma muka toshe ta da hannunmu.

A nan ne Baba ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa, ya zaro 'yar ɗari biyar da 'yar ɗari biyu, ya ɗora a kan tarin.

"Ma'aji, rubuta 64,200 mu tashi."

Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, wannan ba daga ambulan ta fito ba."

Ya ce, "Daga aljihuna ta fito, kuma Ubangiji na ba. Ikkilisiya ta yi asarar ko kwabo?"

"Ba ta yi ba, Baba. Amma littafin zai ce an tarar da 64,200, alhali ba a tarar ba."

Ya cire tabarau ya ajiye. Shekarunsa a wannan kujera sun fi na aurena, kuma ban taɓa jin an ce sisi ta ɓata a hannunsa ba. Ya ce, "Ɗana, ka san wa ya ɗauko akwatin nan daga gaban bagadi zuwa ƙofar nan? Yaron da muka yi wa baftisma a Ista. Ka karanta giɓi a gaban dattawa, kafin Laraba magana ta kai kasuwa cewa kuɗi ya ɓace a hannunsa. Ka san bakin mutane. Manzo Bitrus ya ce ƙauna tana rufe zunubai masu yawa. A bar kaza cikin gashinta."

Wannan ce ta tsaya mini a maƙoshi, har yanzu ba ta wuce ba. Da don kansa yake magana, da amsar ta zo da sauƙi. Yaro yake karewa, da kuɗinsa, da aya a bakinsa. Ga kuma furfura, wadda Littafi Mai Tsarki ya ce a tashi tsaye a gabanta.

Bai tsaya nan ba. Ya ce in buɗe 2 Sarakuna 12, inda aka gyara Haikali a zamanin sarki Yowash, in duba aya 15: ba a nemi lissafi daga hannun waɗanda aka danƙa wa kuɗin ma'aikata ba, domin masu aminci ne. Ya ce, "Ko ba ka yarda da amincina ba ne?"

Na buɗe. Na ce, "Na yarda, Baba, Allah ne shaida. Amma ku dubi aya 9 da 10." Yehoyada firist ya huda murfin akwati ya ajiye kusa da bagadi, in ya cika kuma ba mutum ɗaya ke buɗewa ba, magatakardan sarki da babban firist ne suke zuwa tare, su ƙirga, su ɗaure a jakunkuna. Amincin da ake yabo a aya 15 a kan wannan ƙirgar yake zaune. Na tuna masa da Bulus ma, a 2 Korantiyawa 8. Manzo guda, amma da zai kai gudummawa Urushalima bai yarda ya riƙe ta shi kaɗai ba, ya sa Titus da ɗan'uwan da ikkilisiyoyi suka zaɓa da kansu, ya ce yana so abin ya zama daidai a gaban Ubangiji, a gaban mutane kuma.

Kawu bai ce uffan ba. Ruwa ya riga ya sauko, ya daina leƙa taga.

Na ce, "Ga abin da nake roƙo. Layi na farko, zakka bisa ga ambulan, 64,200. Na biyu, abin da aka ƙirga, 63,500. Na uku, giɓi 700, dalili: masu ƙirga sun zube ambulan gaba ɗaya, ba su bi ƙa'ida ba. Sunana ne zai fara zuwa a ƙasa. Akwatin ya iso da kwaɗonsa a kulle, makulli yana wuyana, ambulan 31 duk a liƙe, wannan ma a rubuta, don kada kowa ya ɗaga ido ya kalli yaron. Kuɗinku kuma, in kuna so ku bayar, a ba shi layinsa, kyauta daga wani ɗan'uwa, 700, da rasit."

Ya daɗe yana kallon littafin. Ya ce, "Wato ni ma sunana zai shiga cikin masu karya ƙa'ida."

Na ce, "Tare muka karya, Baba."

Ya sa hannu. Kawu ya sa. Amma kuɗinsa ya ɗauka ya mayar aljihu, ya ce ba rasit ya zo nema ba. Da ruwa ya tsagaita ya fita, sallamar da ya yi mini gajeriya ce.

A gida an dafa sabuwar masara. Auta ya kawo mini biyu, ɗaya na iya ci.

Wuta ta zo ƙarfe huɗu, ta tafi kafin biyar.

Da yamma Maman yara ta tambaye ni me ya faru, na faɗa mata sama-sama. Ta ce, "Kan ɗari bakwai ka ɓata wa dattijo rai?" Ban ga laifinta ba. Yawancin mutanen kirki haka za su ce.

Abin da ya sa ban iya karɓa ba, cike giɓi daga aljihu yana kashe abu uku a lokaci guda. Mai ambulan ɗin za a rubuta masa a katinsa na zakka abin da bai iso ba. In tsohuwa ce jikanta ke rubuta mata ambulan yana kawowa, muna da irinsu biyar ko shida, kuma wani abu yana zubewa a hanya, ba wanda zai taɓa lura, mako mai zuwa ma haka. Sannan masu ƙirga sun koyi cewa littafi yana lanƙwasuwa in niyya mai kyau ce. Yau cikawa aka yi. Ranar da rara ta fito, wannan hannun da ya saba daidaita lamba shi zai ce a zuba a na man janareta ba sai an rubuta ba. Haka ma kuɗin da ake turowa ta waya: tun wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023 mutane suka saba tura zakka asusun duk wanda suka yarda da shi, shi kuma ya ce zai cire ya kawo. Ba sata a ciki, amma kuɗin Ubangiji ya kwana cikin na cefane. Shi ya sa muka ce sai asusun ikkilisiya mai sa hannun mutum biyu, kuma ba a shigar da komai a littafi da ganin saƙon waya, sai an gan shi a takardar banki.

Bayan addu'ar dare na zauna da 1 Sama'ila 15. Na san labarin tun ina yaro, amma yau aya 13 ce ta kama ni. Saul ya tari Sama'ila da fara'a yana cewa ya cika umarnin Ubangiji, tumaki kuma suna kuka a bayansa. Da aka tambaye shi, dalilinsa na ibada ne: an keɓe mafi kyau don a yi hadaya. Na yi ta tunanin ɗari bakwai ɗin Baba, hadaya ce ta gaske, daga aljihun mai fansho. Sai tunanin ya juyo kaina. Ni da na tsaya kai da fata a kan layi na uku, ina nake sa'ad da aka ce a zube? Umarnin dattawa a rubuce yake, ba mai wuya ba, minti arba'in kawai yake nema. Tsoron rafi da kunyar Baba suka sa na ce to, kamar yadda Saul ya ce a aya 24 ya ji tsoron jama'a ya bi maganarsu. Biyayyar da ta fi sauƙi ita na tsallake, na zo ina kokawa da mai wuya a gaban dattijo, har na sa shi jin kunya a gaban Kawu. Da na ce a'a tun farko, da murya ƙasa-ƙasa, da yanzu mun san ambulan ɗin, da Fasto ya bi mai shi a asirce, da Baba ya tafi gida da fara'arsa.

Na roƙi gafara a kan wannan "to" ɗin, da sunanta.

Ambulan 31 suna cikin leda a akwatin ƙarfe, na ɗaure da roba na rubuta kwanan wata. Ba zan bi gida-gida ina tambayar wa ya sa nawa ba, wannan tonon asiri ne, kuma ba aikina ba ne. Ranar Alhamis zan karanta wa dattawa layukan uku yadda suke, in roƙi a ƙara abu ɗaya a takardar bayan ƙofa: in lokaci ya ƙure, a kulle akwatin da ambulan a liƙe, mutum biyu su sa hannu a kan yawansu, a ƙirga washegari.

Gobe da sassafe zan kai kuɗin banki a Saminaka, takardar ajiya 63,500 ta zakka, ta baiko daban. Amma kafin in hau mota zan biya ta gidan Baba in gaishe shi, in durƙusa in ba shi haƙurin yadda maganar ta fito a gaban mutum. Layin dai yana nan yadda muka sa wa hannu. Ban san da wace fuska zai tarbe ni ba.