Allon da ya koya mana ɓoye ciwo

Ranar da aka ɗora ni a kan aikin kula da lafiyar ma'aikata a wani kamfanin roba da ke Sharaɗa, a Kano, abin da na fara sayowa da kuɗin kamfani shi ne allo. Ƙaton allo fari, aka kafa shi a bakin ƙofar shiga, na sa aka rubuta da jan fenti cewa yau kwana kaza ke nan ba wanda ya ji rauni. Kullum da safe ni nake goge lamba in ƙara ɗaya. Abin ya burge manaja, har ya yi alkawarin in muka cika kwana ɗari za a raba wa kowane sashe shinkafa. Ni kuwa sai hura hanci nake yi, ga sabon jami'i da takardar kwas a hannu.

Bokitai muke yi, da butoci da kujeru. Wanda bai taɓa shiga irin wannan wuri ba, ga yadda aikin yake: ana zuba ƙwayar roba ta saman inji, ta narke da zafin da ya wuce digiri 200, sai injin ya tura ta cikin mazubi. Mazubin nan ɓari biyu ne na ƙarfe da suke rungumar juna da ƙarfin tan ɗaruruwa, in roba ta huce su buɗe, a ciro bokiti. A gabansa akwai ƙofa mai ɗan makunni a jiki. Muddin ƙofar na buɗe injin ba zai rufe ba. Ɗan makunnin nan da bai kai akwatin ashana biyu ba, shi ne tsakanin hannun mutum da guragurci.

Muna kwana na 83 na ga wani yaro a sashen dare yana ɗaukar bokitai da hannun hagu, na dama yana cikin aljihu. Na ce ya fito da shi. Ya yi murmushi ya ce, "Ba komai, Oga." Da na matsa masa ya fito da hannun, yatsa biyu a naɗe cikin tsumma, tsumman ya yi baƙi, yana wari. Kwana tara ke nan da mazubi ya cije shi. Abokan aikinsa suka zuba masa man birki, foman ya ba shi kuɗin kemis daga aljihunsa, aka yi shiru. Na ce me ya hana ka faɗa mini? Bai kalle ni ba, allon ya kalla ta ƙofa.

"Oga, saura kwana kaɗan a ba mu shinkafar. In na faɗa, ni ne na ja wa kowa."

A asibiti aka ceto ɗaya, aka yanke gaɓar ɗayan. Likita ya ce da an kawo shi a ranar, da wuya a kai ga yanka. Na daɗe ina juya maganar nan a raina. Ƙarfe ne ya murƙushe yatsan, amma allona ne ya riƙe shi kwana tara a aljihu har ya ruɓe.

Da na koma wurin injin da daddare ba tare da na sanar ba, sai na tarar an ɗaure makunnin ƙofar da waya, ta yadda injin zai ɗauka ƙofa a rufe take ko da a wangale take. Ba inji ɗaya ba, huɗu. In sun hango ni da rana sai su kwance. Nan na so in yi abin da sabon shiga yake yi, in rubuta sunaye a kori mutane. Wani dattijon makaniki da ya fi shekara ashirin a wurin, kowa Baba yake ce masa, ya ja ni gefe ya ce, "Malam, kafin ka rubuta, je ka ƙirga." Na tsaya da agogo. Buɗe ƙofa da rufe ta yana cin daƙiƙa kaɗan a kowane bokiti, amma in ka tara na dare guda sai ka ga bokitai da yawa ne. Adadin da ofis ya yanka wa kowane inji kuwa ba ya cika sai da wayar nan, wanda bai cika ba a zaftare masa kuɗi. Ashe wanda ya zauna a ofis ya rubuta adadin, shi ya ɗaure makunnin, ko da bai taɓa riƙe waya ba.

Daga nan na daina yarda da kalmar ganganci da sauri. Akwai ganganci, ba na musu. Ido wa ka raina, wanda nake gani kullum. Mutumin da ya shekara biyar gaban inji yakan daina jin tsoronsa. Sai dai duk sanda na ga mutum mai hankali, mai iyali, yana yin abin da zai iya raba shi da hannunsa, nakan fara tambayar me yake samu in ya yi, me kuma yake rasawa in bai yi ba.

Wata kalmar da ta fi ba ni wahala ita ce tsautsayi. Kana fara bincike za a ce maka, "Haba Malam, tsautsayi ne, ba a sa masa rana. Allah ya kiyaye gaba." Kai ma Musulmi ne, ka yarda da ƙaddara, to me za ka ce? Na lura dai da abu ɗaya: mutumin da zai ce maka hannun yaro ƙaddara ce, shi ne ya sa kwaɗo uku a ƙofar sito, ya ɗauki masu gadi biyu, bai bar kayansa ga ƙaddara ba. Tun da na gane haka na daina gardamar aƙida da kowa. Sai in ce a ɗaure raƙumin nan kamar yadda aka ɗaure wancan.

Maganar diyya ma ta buɗe mini ido. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai kamfani ya riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya a asusun NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, ba daga albashin ma'aikaci ake cira ba. Ma'aikaci ya sanar da ubangidansa cikin kwana 14, kamfani kuma ya kai rahoto cikin kwana bakwai. Dokar ba ta ware leburan rana ko ɗan koyo ba. Amma yaron nan sunansa ba ya cikin kowace takarda, ta hannun ɗan kwangila ya shigo, a tafin hannu ake biyansa duk Asabar. Abin da ya samu a ƙarshe na tausayi ne, ba na haƙƙi ba, kuma ya karɓa yana ta godiya. Godiyar nan ta fi zagi zafi a wurina.

Na goge allon. Na raba shi gida uku: abin da aka gani, ranar da aka faɗa, ranar da aka gyara. A kwas an koya mana lissafin Herbert Heinrich, wani ma'aikacin inshora a Amurka, wanda a 1931 ya ce cikin haɗura 330 masu kama da juna, 300 ba sa barin rauni, 29 su bar ƙarami, ɗaya ya zama babba. Masana sun daɗe suna sukar alƙaluman, ni ma ba na rantsuwa da su. Abin da na ɗauka kawai shi ne, kafin inji ya ci hannu ya sha kai cafka yana kuskurewa, kuma akwai wanda ya gani. Wata biyu allon yana nan fari fat, ba mai kawo komai. Wa zai kai ƙarar kansa? Sai da wani ya gwada ni da ƙaramin abu, ya ce fitilar bayan injin niƙa ta mutu. Washegari da safe aka sa sabuwa, na rubuta kwanan wata da manyan baƙi. Daga ranar baki ya buɗe.

Ta wannan hanya na ji labarin da har yau in na tuna tsikar jikina take tashi. Injin niƙa shi ne wanda ake jefa wa fasassun bokitai ya daddatse su da wuƙaƙe don a sake narkarwa. Wata rana ya shaƙe, ana cikin haka aka ɗauke wuta. Baba ya ga dama ta samu, ya buɗe, ya zura hannu har kafaɗa yana ciro roba. Can baya mai kula da janareto, bai san komai ba, ya tayar ya juya layi. Abin da ya ceci Baba, ya fito da hannun ke nan zai ɗauki sifana. Shi da kansa ya zo ya faɗa mini, yana dariyar da ba ta kai ciki ba: "Malam, yau da ka yi zaman makoki."

Maganin bai kai kuɗin buhun shinkafa ɗaya ba. Kowane makaniki aka saya masa kwaɗonsa, da sunansa a jiki, makulli ɗaya tak. Za ka taɓa cikin inji, sai ka kashe babban makunni, ka datse shi da kwaɗonka, ka jefa makullin a aljihu. In ku uku ne, kwaɗo uku. Ko manaja ba shi da ikon cirewa. Inda aka fi samun matsala shi ne wurin canjin aiki, na rana ya tafi, na dare ya zo ya ga inji a kashe bai san dalili ba. Irin wannan giɓin ne ya ci rijiyar mai ta Piper Alpha a tekun arewacin Birtaniya ranar 6 ga Yulin 1988: masu aikin rana sun cire wani bawul daga famfo don gyara, bayanin bai isa ga na dare ba, suka kunna famfon, mutum 167 suka mutu. Mu namu ɗan kamfanin bokiti ne, amma na sa doka foman mai tafiya da mai shigowa su zaga injuna tare, ƙafa da ƙafa, kafin ɗaya ya sa hannu ya tafi.

Duk wannan da bai yi tasiri ba in ba don abin da ya faru ana saura mako guda Babbar Sallah ba. Oda ta yi yawa, motar 'yan kasuwar Maraɗi tana tsaye a harabar kamfani tana jiran kujeru, sai makunnin ƙofar babban inji ya lalace da gaske. Ba a samu irinsa a Kano ba, sai daga Legas. Injiniya ya ce a haɗa wayoyin kai tsaye na kwana biyu, a sa yara su kula. Manaja ya kalle ni, na ce ban yarda ba, muryata tana rawa. Aka kira Alhaji mai kamfanin. Ya zo ya tsaya gaban injin, ma'aikata sun yi cirko-cirko suna kallo ta wutsiyar ido. Na ce, "Ranka ya daɗe, irin wannan ne ya ci yatsan yaron nan." Ya yi shiru, ya tambayi nawa za a yi asara, aka faɗa masa. Ya ce, "A kashe shi. Ni zan kira masu motar."

Ban san me ya sa ya yanke haka ba, ko tsoron Allah, ko tsoron shari'a, ko ranar ya tashi da sauƙin rai. Amma laccar da na shekara ina yi ba ta yi aikin da kwana biyun nan suka yi ba. Ma'aikaci ba ya karanta takardar da ka manna a bango. Fuskar maigida yake karantawa ranar da kuɗi da lafiya suka yi karo. Bayan Sallah aka rage adadin dare, ban ƙara tsintar waya a makunni ba sai jefi-jefi.

Kada in sa ku ɗauka Alhaji waliyyi ne. Akwai inda na sha ƙasa a hannunsa, wato ƙofar baya. Saboda sata, da ƙarfe goma na dare ake datse ta da sarƙa, makulli yana wurin mai gadi a ƙofar gaba. Ga roba jibge har rufi, abin da in ya kama wuta hayaƙinsa kaɗai ya isa. Na ba shi labarin masana'antar roba ta Ikorodu da ta ƙone a Satumban 2002, ma'aikatan dare suna ciki an kulle su, gommai suka mutu. Na nuna masa cewa dokar masana'antu ta 1987 ta hana a kulle ƙofa ta yadda na ciki ba zai iya buɗewa ba. Na kawo farashin irin ƙofar da ake turawa daga ciki ta buɗe, ta yi ƙara. Ya ce zai duba. Sau huɗu yana cewa zai duba. Abin da na iya samu shi ne a rataye makulli a cikin ɗan akwatin gilashi kusa da ƙofar, wanda za a fasa in ta ɓaci.

Na bar kamfanin shekara biyu bayan haka. Kwanaki na bi ta wajen, na tsaya gaisawa da Baba, ya tsufa, kwaɗonsa yana rataye a ɗamararsa. Muna hira na zaga baya. Akwatin gilashin yana nan, an ma sake masa fenti. Na leƙa ciki, ba makulli.