Garmahon da na saya a Tudun Wada

Ni dai tsofaffin kayan sauti su ne abin da nake tarawa, rediyo, rikoda, kaset, amma garmaho ya daɗe yana ba ni wahalar samu a Zariya. Na farko da aka kai ni na gani a kasuwar Sabon Gari yake, mai ƙaton kakaki na tagulla sai walƙiya yake, ga hoton karen nan na His Master's Voice, tambarin kamfanin Gramophone, a gabansa, mai shagon yana ta rantsuwa wai tun zamanin Turawa yake. Ban saya ba. Irin waɗannan yawancinsu a Indiya ake harhaɗa su, a ciro inji daga tsohon ƙaramin garmaho irin wanda ake ɗauka a hannu kamar jaka a sa a sabon akwati a manna hoton kare, shi ke nan. Katakon ma in ka shinshina za ka ji warin sabon fenti, kusoshin duk sababbi, inda kakakin ya haɗu da hannun da ke ɗauke da allura kuwa an yi masa wata gwiwa mai kaifi da walda, alhali na asali lanƙwasa yake yi a hankali. Don ado ba laifi, amma in ka ɗora masa faifai mai daraja cinye shi zai yi.

Wanda na saya a gidan wani dattijo yake a Tudun Wada, na mahaifinsa ne da ya yi aikin reluwe. Ba shi da kakaki a waje sam, akwati ne na katako mai murfi wanda ake ɗorawa kan tebur, kakakin yana ciki a naɗe, sai ƙofofi biyu ƙanana a gaba, ka buɗe su sauti ya ƙaru ka rufe ya ragu. Hoton karen yana cikin murfin, ya dusashe tare da fentin katakon gaba ɗaya, wannan ya kwantar min da hankali sosai. Lambarsa 109, a jikin kan da ake ɗaura allura kuma an rubuta No. 4, kenan na wajen ƙarshen shekarun 1920 ne, kafin kamfanin Gramophone ya haɗe da Columbia su zama EMI a 1931.

Na ce Baba ko za ka bari in wana shi in ji? Ya ce bismilla ɗana, amma a hankali, rabonsa da juyawa tun kafin a haife ka. To nan ne fa aikin yake. Garmaho ba ruwansa da wuta ko batir, sifirin ne a ciki kamar na tsohon agogon bango, kana juya hannun wanawa yana ɗaurewa, sannan akwai wasu ƙarafa uku da ke juyawa suna riƙe gudun faifan a kan juyi 78 a minti ɗaya. In kana wanawa ka ji hannun yana tafiya sakaka ba nauyi to sifirin ya karye. Wannan yana da nauyi, sai dai yana cikin juyawa sai ka ji ƙum, can kuma ƙum, tsohon giris ne ya daskare sifirin yana maƙalewa yana saki. Wannan ba abin fasa ciniki ba ne, wanki yake so. Na roƙe shi muka kwance allon da injin ke manne a ƙarƙashinsa muka ɗaga na ga injin da idona, ba a yi wasu sababbin ramuka a katakon ba, ma'ana injin da aka yi shi da shi ne. Na kuma juya ƙasan na duba gara, don a garin nan ita ce ke gamawa da irin waɗannan kaya a ɗakunan ajiya.

Ciniki bai yi tsawo ba, na faɗa masa gaskiyar abin da yake da shi a hannu, ya faɗi kuɗinsa na ɗan nemi ragi ya ce Allah ya sa albarka. Abin da ya fi damunsa kar in kai wa 'yan gwangwan.

Sifirin ɗin ban taɓa shi da kaina ba, wani tsohon mai gyaran agogo na kai wa, don in ya kuɓuce daga gwangwaninsa yana iya yanke wa mutum yatsa. Robar da ke riƙe da ɗan siririn farantin da ke cikin kan ita ma ta bushe ta zama kamar dutse, da aka canja ta wallahi sautin ya buɗe, duk wani zizar da yake yi ya tafi.

Allura kuma ta ƙarfe ce, gefe ɗaya na faifai take yi a jefar, shi ya sa ake sayar da su a ɗan gwangwani da yawa, ni daga waje nake sa a taho min da su. Kuma don Allah kar wanda ya ɗora masa faifan roba irin mai juyi 33 ko 45 a minti ɗaya, allurar za ta huda layin ta lalata shi a juyi ɗaya. Nasa faifan mai nauyi ne mai saurin fashewa, ba a goge shi da sifirit don narkewa yake, ba a barinsa a rana, a tsaye ake jera shi, lokacin hunturu kuma sai ka rufe saboda ƙura. Baba ya haɗa min da ɗan abin da ya rage na mahaifinsa, wasu sun tsage, yanzu na Hausa nake nema ido rufe, duk mai su a gida a Zariya ko Kaduna ya adana su kar yara su yi wasa da su.