Ƙarfen da muka kafa, da masu rasit

Sama da shekara ashirin ke nan ina jan wayar intanet a Kaduna. Na fara ne a 2004 a wani shagon kafe, zamanin da ake biyan kuɗin burawuzin da awa, sabis kuma daga farantin VSAT, mai kamo tauraron ɗan Adam, yake saukowa. Maigidana ba ya barin yaro ya taɓa kwamfuta sai ya iya matse kan waya. Silli takwas ne a ciki, kowanne da launinsa da gurbinsa. Ka saɓa ɗaya, sai ya sa almakashi ya datse kan, ya miƙo maka wayar, bai ce uffan ba. Allah ya jiƙansa. Na ɓata kawuna ba adadi kafin hannuna ya faɗa.

Yau da yarana shida muna haɗa wa makarantu da otal da ƙananan asibitoci intanet. Wayarmu tagulla ce zalla, ba ma yarda jan ya wuce mita 100 ba tare da mun sa suwic, na'urar da ke haɗa wayoyi, a tsakani ba, kuma duk ƙarfen eriya da muka kafa sai mun binne masa atin, wayar da ke kai wuta ƙasa, saboda aradu. Akwai ayyukanmu da suka ga damina goma da ƙurar hunturu goma, ba a taɓa kiranmu gyara ba.

Wani irin wannan ƙarfe ne ya ja mini rigima bara a wani gari a wajen jiharmu. Mun kafa shi kan rufin makaranta don ya ɗauko sabis daga ofishinsu na cikin gari. Ina sama ina saita eriya sai ga mutum uku da littafin rasit, wai daga ƙaramar hukuma, a biya harajin ƙarfen sabis. Na sauko na ce, "Yallaɓai, wannan ba na kamfanin waya ba ne, na makaranta ne." Babbansu ya ce, "Malam, ƙarfe dai ƙarfe ne." Kwana biyu aiki na tsaye, yarana na cin abinci daga aljihuna.

Ni ba na gudun haraji. Dokar 1998 da ta raba wa kowane mataki na gwamnati abin da zai karɓa ta ba ƙananan hukumomi kuɗin shago da na allon talla da harajin gini, kuma duk shekara ina biyan nawa. Amma harkar sadarwa ta Gwamnatin Tarayya ce, hukumar NCC ke riƙe da ita a ƙarƙashin dokar 2003. Ko kuɗin haƙa hanya a binne wayar fayiba, naira 145 kan kowace mita aka tsayar, Dakta Isa Ali Pantami ya yi ta bin gwamnoni a kai yana minista, a 2020 kuma Jihar Kaduna ta yafe shi ɗungurungum. To in manya na sassautawa don intanet ya yi arha, ina dalilin tare ƙarfen makaranta?

Abin da ya fi ƙona mini rai, masu rasit ba sa ganin masu kwaikwayon sana'armu. Waɗannan ba shago, ba allo, ba adireshi. Su zo da wayar alminiyom da aka shafa wa ruwan tagulla, su ja ta kan katanga ba ko bututu, su karɓi rabin kuɗinmu su ɓace. Wata shida rana ta gasa ta, sai a kira ni. Ga shi kwastoma zai dube ni ya ce, "Haba Injiniya, wancan ma rabin haka ya karɓa." Sai in kankare wayar da wuƙa in nuna masa farin da ke ciki.

Maganar makarantar kuwa, shugabanta ne ya je sakatariya da kansa, ya nemi a nuna masa inda aka rubuta wannan haraji a doka. Aka yi ta buɗe fayil, aka ce ya dawo ranar Litinin. Mu dai ranar Asabar muka ƙarasa saiti, ɗalibai suka fara gwajin jarrabawar JAMB a kwamfuta arba'in.