Abin da kujerar bayan jirgi ta koya mini a tafkin Guntersville

Ranar da na fara shiga gasar kamun kifi a Amurka, da kifi ɗaya tak na dawo wurin awo. Shi ɗin ma alƙalin gasa ya kwantar da shi a kan allon gwaji, ya rufe masa baki, ya ce bai kai ba. Inci 15 ne mafi ƙarancin tsawon da ƙa'idar tafkin Guntersville na jihar Alabama ta yarda da shi, nawa kuwa ya gaza da abin da bai wuce faɗin farce ba. Da na auna shi cikin jirgi bakinsa a buɗe yake, shi ya sa na ga kamar ya cika. Aka rubuta mini sifili a gaban mutum kusan talatin, ni da na shafe mako biyu ina cika musu baki cewa a gidanmu na Yauri su gado ne.

Karatun injiniyan ruwa ne ya kai ni Huntsville, a arewacin jihar Alabama. Wani dattijo da ke kula da ɗakin gwaje-gwajenmu ya ji ina maganar madatsar Kainji da kwale-kwalen Kawuna, sai ya gayyace ni taron kulob ɗinsu, wanda suke yi sau ɗaya a wata a ɗakin baya na wani gidan abinci. Na ce ni fa ba ni da jirgi. Ya ce ai rabin waɗanda zan tarar a can ba su da shi.

Haka kuwa na tarar. Kulob ɗin kashi biyu ne, masu jirgi da 'yan baya. Kafin kowace gasa ana jefa ƙuri'a, a haɗa mai jirgi ɗaya da ɗan baya ɗaya. Mai jirgi shi ke tsaye a gaba, shi ke zaɓar inda za a je da lokacin da za a tashi. Kai na baya naka shi ne ka zo da sandunan fatsarka, da rigar ceton rai, da lasisin kamun kifi na jiha, ka biya kuɗin shiga, sannan da yamma ka miƙa wa mai jirgi dala 30 ko 40 na mai tun kafin ya buɗe baki. Jirgin gasa sabo ya fi motar da yawancin malamanmu ke hawa tsada, amma da kuɗin cefanen mako guda ɗalibi zai wuni a cikinsa tun fitowar rana har ƙarfe uku.

Kifin da ake yi dominsa, bas mai babban baki, ɗan farauta ne. A hali ya fi kama da giwan ruwa, sai dai bai kama ƙafarta a girma ba. Wanda ya fi kowane nauyi a tarihi, na George Perry a jihar Georgia a 1932, laba 22 ne da oza 4, wato kilo 10 da ɗoriya kaɗan, sai a 2009 Manabu Kurita ya kama wanda ya yi kunnen doki da shi a tafkin Biwa na Japan. A Argungu irin wannan ba wanda zai saɓa shi a kafaɗa ya nufi gaban Sarki. Amma gasar tasu wani lissafi ne daban. A Matan Fada kifi ɗaya mafi girma ake nema, da gora da koma, cikin ɗan lokaci. A nan kifi biyar za ka kawo, a haɗa nauyinsu, kuma dole su zo da rai. Ba raga, ba tana mai rai, sai koton roba ko na ƙarfe ko na katako. In ka cika biyar ka kama na shida, sai ka saki mafi ƙanƙanta. Bayan awo a mayar da su duka ruwa.

Wannan na ƙarshen ne Kawu ya kasa haɗiyewa da na ba shi labari a waya.

"To ɗana, ka wuni a rana, ka biya kuɗi, ka kama, ka sake?"

"Haka ake yi, Kawu."

"Allah ya kyauta. Karatun dai kana yi ko?"

Su ma ba da haka suka fara ba. Ray Scott, mai sayar da inshora a Montgomery, ya shirya gasarsa ta farko a tafkin Beaver na jihar Arkansas a 1967, ya kafa ƙungiyar masu kamun bas ta B.A.S.S. a 1968, shekarar da aka kammala Kainji. A gasannin farko a mace ake kawo kifin. Sai a 1972 ya fara matsa wa mutane su bar shi da rai, daga nan jirage suka soma zuwa da ɗan kwarmin ruwa mai famfo da ake ajiye kifi a ciki.

Gasata ta biyu na yi laifin da ya fi gajeren kifi muni. Mai jirgin yana bin gefen ciyawa a hankali, na hango wani kututture a gabansa, na wurga fatsata ta kan kafaɗarsa na riga shi. Bai ce uffan ba. Ya juya jirgin kawai, ta yadda daga nan har azahar shi ke fuskantar gaɓa, ni kuwa ina jifa cikin tsakiyar ruwa inda ba komai. A hanyar komawa ya ce mini, cikin sanyin murya, ruwan da ke gaban tsakiyar jirgi nasa ne, na baya nawa. Babu inda aka rubuta wannan a takardar kulob. Haka kuma ba a rubuta cewa in ya kamo babba ka ajiye sandarka ka ɗauki ragar kwasa ba, ko cewa wurin da ya kai ka amana ce, ba ka dawowa da wani mai jirgin wata mai zuwa ka nuna masa. Na ƙarshen bai zame mini baƙo ba. Masunta a ko'ina ba sa son a san gurbinsu.

Daga baya na gane zaman bayan nan shi ne makarantar. Wanda ya sayi jirgi tun farko da kansa kaɗai yake koyo. Ni kuwa cikin shekara ɗaya na zauna bayan mutum tara, kowa da hannunsa. Akwai wanda ba ya rabuwa da tanar roba, yana soke tsinin ƙugiya cikin jikinta don ta ratsa ciyawa ba ta maƙale ba, yana janta a ƙasa kamar mai lalube cikin duhu. A wurinsa na koyi jin cizon da bai wuce ɗan ƙwanƙwasa ɗaya a sanda ba. Akwai mai kwaɗon roba, wanda a kaka yake jan shi a kan shimfiɗar ciyawar da ta rufe ruwa, ya hana ni fizga da zarar na ga ruwa ya fashe, ya ce in jira sai na ji nauyi. Sau shida ina fizge kwaɗon daga bakin kifi kafin hannuna ya yarda. Akwai kuma wani matashi da ba ya ɗaga kai daga allon na'urar da ke nuna masa kifi na iyo a gaban jirgi. Dattawan kulob suna ƙorafi a kan na'urar nan a kowane taro, shi kuma yana cinye musu kuɗi. A bayansa ban koyi komai ba sai haƙuri, don shi kifi yake gani, ni kuwa ƙeyarsa.

Da yake ruwan da ya rage mini wanda mai jirgi ya riga ya taɓa ne, dole na daina kwaikwayonsa. In yana jan koto mai sauri, sai in sa mai nauyi a hankali, in nemi kifin da ya ga nasa ya ƙi. Yawancin abin da na kai wurin awo a shekarar farko ta haka na same shi.

Inda karatuna ya shigo kuwa ban zata ba. Guntersville ba tafkin Allah ba ne, kogin Tennessee ne hukumar TVA mai kula da madatsun kogin ta datse a 1939, ya malale a kan eka kusan 69,000. Da bazara ta yi zafi kifin yana komawa bakin tsohuwar hanyar kogin da ke ƙarƙashin ruwa. Wata rana a watan Yuni muka zauna a irin wannan wuri awa uku ba ko taɓi. Mai jirgin yana ta duba waya, na ɗauka gajiya ce. Ashe jadawalin sakin ruwa na madatsa yake dubawa. Da aka ƙara kunna injinan wuta ruwa ya fara tafiya, ƙananan kifaye suka taru a gefen tudun, cikin rabin awa muka cika biyar-biyar. Abin da nake lissafawa a aji da alli shi wannan mutumin, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, yake karantawa da sandar fatsa. Tun ranar na sayi ɗan littafi ina rubuta zafin ruwa, da iska, da zurfi, da ko madatsa na aiki. A shafukan watan Afrilu na ga da kaina yadda kifi ke hawowa gaɓa yin ƙwai in ruwa ya kai wajen digiri 16 zuwa 18.

A Yulin wannan shekarar na yi asarar matsayi na uku saboda kifi ɗaya ya mutu mini. Ruwan kwarmin ya yi ɗumi, ban sa ƙanƙara ba, ban kuma lura famfon ya tsaya ba. Oza 4 ake cirewa kan kowane mataccen kifi, kuma ba a yarda ka jefar da shi ka musanya da mai rai ba. Wanda ya wuce ni da oza 2 ya wuce ni. Lokaci ma haka yake da tsada: minti ɗaya na latti laba ɗaya ne, in ka wuce minti 15 duk wuninka ya tashi a banza. Ni da na taso inda ake dawowa daga ruwa sa'ad da ruwa ya sallame ka, sai ga ni ina tuna wa mai jirgi agogo.

Ƙarfe huɗu na dare muke barin gari, don haka sallar asuba a bakin mashigar jirage nake yinta, a kan tabarmar da nake naɗewa cikin jakar sanduna. Da farko ana kallo. Yanzu duk wanda ƙuri'a ta haɗa mu ya san zai sauke jirgi shi kaɗai na minti biyar.

A kulob ana yawan ambaton Bryan Kerchal, mai dafa abinci a wani gidan cin abinci a Connecticut, wanda ya taso ta irin waɗannan ƙananan kulob ɗin har ya ci babbar gasar Bassmaster Classic a 1994 yana ɗan shekara 23, ya rasu a hatsarin jirgin sama kafin shekarar ta ƙare. Matakalar tana nan har yau, daga kulob zuwa gasar jiha zuwa ta ƙasa. Ni ban hau ko mataki na biyu ba. Abin da na samu shi ne na biyu a cikin 'yan baya a tafkin Wheeler, a shekarata ta biyu, da kuɗin da bai wuce na mai da na shiga ba. Na tura wa Kawu hoton ina riƙe da manyan biyun. Ya turo saƙon murya yana tambaya ko waɗannan ma na sake su.